Tarihin Hawan Dutse, Daga Kogunan Birnin Kudu Zuwa Bangon Da Aka Gina Don Hawa

Matafiyin da ya baro birnin Kano ya fuskanci kudu maso gabas, ya haye gadar Wudil, ya wuce Kwanar Huguma, zai daɗe yana ratsa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta gero da dawa da gyaɗa, in ban da ɗaiɗaikun tuddai can nesa, har idonsa ya saba da sarari. Sa'an nan, yayin da ya kusanci Birnin Kudu, sai ƙasar ta sake kama, duwatsu su riƙa ɓullowa dama da hagu, waɗansu falale ne shimfiɗe, waɗansu kuwa curarru ne manya-manya, wani bisa wani, har mutum ya yi ta mamakin abin da ya hana na sama gangarowa. In ya zarce ƙasar Gwaram, wajen Fagam da Farin Dutse, abin sai ya daɗa yawa, har ya sadu da tsaunukan Warji da Ningi cikin Jihar Bauchi. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar cewa waɗannan duwatsu dangin juna ne, silsila ɗaya ce wadda ta taso tun daga Azbin, ta ratsa Damagaram, ta biyo ta Dutse da Shira da Birnin Kudu da Fagam da Ningi, har ta kai Jos. Asalinsu narkakken dutse ne wanda ya huce a ƙarƙashin ƙasa shekaru miliyoyi da suka shuɗe, daga baya ruwa da iska suka kwashe abin da ya lulluɓe shi.

A zamanin nan namu hawan dutse ya zama wasa mai hukuma da alƙalai da lambobin yabo, har ma akasarin masu yinsa ba su yinsa a kan dutsen da Allah ya halitta, sai a kan bangon katako wanda kafinta ya kafa cikin zaure mai rufi da fitilu. Samarinmu suna ganin wannan a wayoyinsu, suna ɗaukarsa baƙon abu ne na Turawa, alhali kuwa a bayan garinsu akwai duwatsun da aka daɗe ana hawa tun ba a san da birnin Landan a nan ƙasar ba. Tarihin nan biyu, na mai hawa don larura da na mai hawa don nishaɗi, ba su taɓa haɗuwa ba tukuna a kudancin Jigawa, amma alamu sun nuna za su haɗu, kuma ya kamata a san yadda kowanne ya faro kafin ranar.

Mutanen farko da muke da hujjar cewa sun hau duwatsun Birnin Kudu ba su bar mana suna ba, ba su bar mana harshe ba, amma sun bar mana shanunsu. A cikin kogunan Dutsen Mesa da Dutsen Habude, a jikin bango da rufin da rana da ruwan sama ba su cika kaiwa ba, akwai zanen shanu da aka yi da jan launi da fari, kuma abin da ya fi jan hankalin mai lura shi ne da yawa daga cikinsu ba su da tozo. Waɗansu dogayen ƙahoni gare su, waɗansu gajeru irin na muturu, wanda yau sai an gangara kudu can cikin kurmi ake samunsa. Duk wanda ya san garken Fulanin wannan yanki, bunaji ne ko rahaji, ya san saniya ba ta rabuwa da tozo. Saboda haka zanen da kansa shaida ne cewa an yi wani zamani da makiyayan wannan ƙasa ke kiwon wani iri dabam, kafin masu tozo su rinjaya. Mai zanen kuwa bai tsaya a fili ya yi aikinsa ba, sai da ya ɗauki launinsa ya hau, ya kutsa tsakanin duwatsu, ya zaɓi wurin da zanen zai daɗe, kuma zaɓinsa ya yi daidai, tun da ga shi muna gani har yau.

Labarin waɗannan zane-zane ya isa kunnen duniyar ilimi ne a tsakiyar shekarun 1950, ta hannun Bernard Fagg, Baturen Ingila ma'aikacin Hukumar Kayan Tarihi, wanda shi ne ya fito da sunan gumakan yumɓu na Nok, shi ne kuma ya tsaya kan buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. A watan Yuni na 1955, ana cikin nazarin zanen, aka lura da wani abu a Birnin Kudu wanda ya zama sanadin buɗe wani babi sabo a ilimin kayan tarihi: waɗansu duwatsu a gefen kogunan, in an buge su da ƙaramin dutse, sai su ba da amo irin na ƙarfe, kuma jikinsu cike yake da ƙananan ramuka masu santsi, alamar cewa hannuwa da yawa sun daɗe suna bugun wuri ɗaya. Fagg ya wallafa bayaninsu a 1956 cikin mujallar Man ta Landan, yana mai cewa kusancinsu da zanen ba zai zama haɗuwar banza ba. Daga nan sai aka shiga neman irinsu, aka same su a wurare da dama na Nijeriya, da Yuganda, da Sudan, har da nahiyar Turai. Ya kuma rubuta game da falalen duwatsun da zamiyar yara ta goge su har suka yi sheƙi, ya ambaci yadda aka danganta duwatsun kiɗan nan da sha'anin bikin aure, musamman wajen Dutsen Murufu. A nan ya kamata a yi adalci: in an ce Bature ya gano su, ma'anar ita ce ya sa su a takarda, domin 'yan matan garin da yaran da ke kiwon awaki ba su taɓa ɓatar da su ba balle a gano musu. Amma kuma ba don takardar ba da gwamnati ba ta sa su cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa ba, da kuma ba a kafa cibiyar bayanin zanen dutse da ke garin a yau ba.

In muka bar zamanin da ba shi da rubutu muka shiga wanda marubuta suka kiyaye, za mu tarar dutse a ƙasar Kano yana da aiki biyu, wurin bauta ne kuma mafaka ce. Tarihin sarakunan Kano ya fara ne da Dala da Barbushe, wanda ke zaune bisa dutsen Dala, ba ya saukowa sai don sha'anin bautar Tsumburbura. Ya kuma ba da labarin yadda Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya karɓi Musulunci daga Wangarawa, sa'an nan ya ci garin Santolo da yaƙi, shi ma ƙarfinsa a dutsensa yake. Wannan ya sa a zukatan jama'a dutse ya ɗauki kamannin mazaunin iskoki da matattarar tsafi, har iyaye suka riƙa hana yara zuwa can da tsakar rana ko da almuru. Sai dai kada a ɗora wa addini abin da bai ce ba. Wahayi na farko a kogon Hira ya sauka, bisa Jabalun Nur. A kogon Saur Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɓuya tare da Sayyidina Abubakar a hanyar hijira. A Uhudu kuma bisa tudu aka ajiye maharba. Alhazanmu, har da tsofaffi masu sanda, suna hawa Jabalun Nur kowace shekara, ko da yake malamai suna tunatar da su cewa wannan ba ya cikin ayyukan Hajji. Abin da shari'a ta ƙi shi ne abin da ake yi wa dutse na shirka, ba hawansa ba.

Ƙarni na 19 shi ne lokacin da mutanen Birnin Kudu da Gwaram suka san dutse da fuskarsa mafi tsanani. Wajen 1846, a farkon sarautar Sarkin Kano Usman, wani malami mai suna Hamza, mutumin Tsakuwa, ya saɓa da hukuma kan sha'anin kuɗin ƙasa, ya tashi da almajiransa ya shige tsaunukan Ningi, ya zauna cikin Butawa da Warjawa da Fa'awa da sauran ƙabilun da suka daɗe suna kare kansu da duwatsu. Abin da ya faro da hijirar malamai kaɗan sai ya zama daula, wadda a zamanin sarakunanta Ɗan Maje da Haruna Ƙarami da Ɗan Yaya ta hana kudancin Kano da Bauchi da gefen Zazzau barci. Sirrin ƙarfinta a fili yake. Rundunar Kano ta dawaki ce, ta masu lifidi da sulke, kuma doki, duk ƙarfinsa a fili, in ya iso gindin dutse ya zama kaya. Maharbi ɗaya da ya san hanyar hawa, ya laɓe bayan dutse da kibiya mai dafi, ya isa ya tsare barade goma. Ningawa sukan sauko da rani su kai hari, su kwashi mutane da dabbobi, kafin labari ya kai birni sun koma sama. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya shafe shekaru yana fama da su, yana ƙarfafa garuruwan iyaka da ganuwa da mayaƙa bisa tsarin ribaɗi, kuma Birnin Kudu da Gwaram suna cikin garuruwan da wannan wuta ta fi kusa da su. A irin wannan hali sanin dutse ba gwaninta ba ce, sharaɗin rayuwa ne: mai gadi ya hau ya hango ƙurar mahara, mata da yara su san kogon da za su shiga, manomi ya san ta inda zai ɓulle in an rutsa shi a gona.

Turawa sun isa Ningi a 1902, shekarar da Ɗan Yaya ya rasa ransa, suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Da hari ya ƙare sai dalilin zama a sama ya ƙare tare da shi. Hukumar Turawa ma ta fi son talakawa a fili, inda mai karɓar haraji zai same su ba wahala, jama'a kuma suka ga ruwa da gona da kasuwa duk a ƙasa suke. Ningi kanta ta bar tsohon mazauninta na dutse ta sauko. Cikin tsara biyu ko uku hawan dutse ya koma aikin mai kiwon awaki, da mafarauci, da mai neman zuma ko itace, da yaran da suka gudo daga aike. Ba wanda ya ƙara ganinsa abin alfahari, kuma dattijon da aka gani bisa dutse ba gaira ba dalili sai a fara tambayar lafiyarsa.

A daidai lokacin da mu muke shirin saukowa, Turawa hawa suke yi, kuma ba don tsoron kowa ba. A 1786 Jacques Balmat da likita Michel Paccard suka kai ƙololuwar Mont Blanc, tsauni mafi tsawo a yammacin Turai. A 1857 aka kafa ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta farko a Landan, akasarin 'ya'yanta lauyoyi ne da limaman coci da malaman jami'a, wato masu hali da hutu. A 1886 wani mai suna Haskett Smith ya hau wani siririn dutse da ake kira Napes Needle a arewacin Ingila, shi kaɗai ba igiya, ba don ya kai kan wani tsauni ba, sai don wuyar hawan kanta, kuma daga nan mutanen Ingila suke ƙirga farkon hawan dutse a matsayin wasa mai zaman kansa. Ranar 29 ga Mayu 1953 Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka taka kan Everest, shekara biyu kacal kafin a buga duwatsun Birnin Kudu a gaban Fagg.

Bangon da aka gina don hawa ya samo asali ne daga wata matsala ta ƙasarsu, wato sanyi da ruwa. A 1939 aka kammala wani tudu na duwatsu da siminti a birnin Seattle na Amurka, bisa tsarin Clark Schurman, don koya wa matasa riƙo da taku. Amma wanda aka fi ɗauka uban bangayen zamani shi ne na Jami'ar Leeds a Ingila, wanda Don Robinson, malamin motsa jiki, ya yi a 1964. Ya lura cewa masu hawa sukan zauna duk tsawon hunturu ba su taɓa dutse ba, in bazara ta zo su fita da ƙarfin zuciyar bara da raunin hannun bana, su faɗo su karye. Sai ya sa aka dasa gutsattsarin duwatsu a jikin bangon bulo na wani lungu cikin jami'ar, aka kuma ƙwaƙule waɗansu wurare, domin ɗalibai su riƙa maimaita motsin da dutse ke bukata. Ba a daɗe ba sai ga ɗalibin da ya koyi hawa a wannan lungu, John Syrett, yana hawa hanyoyin da suka gagari tsofaffin gwanaye, kowa kuwa ya gane cewa bango makaranta ce.

Gasa ita ce ta ƙarasa aikin. An yi babbar gasa ta farko a 1985 a Bardonecchia ta Italiya, a kan dutse na gaske, amma nan da nan aka ga aibin haka, domin ba a iya daidaita dutsen Allah ga kowane ɗan takara sai an sassaƙe shi ko an liƙa masa abin da ba nasa ba, ga kuma taron 'yan kallo yana tattake daji. Saboda haka gasa ta koma cikin zaure. A 1987 aka buɗe zauren hawa na kasuwanci na farko a Amurka, shi ma a Seattle. A 1991 aka buɗe irinsa mai suna The Foundry a Sheffield ta Ingila. A 2007 aka kafa hukumar wasan ta duniya. A watan Agusta na 2021, a wasannin Olamfik na Tokiyo, aka raba lambobin zinariya na farko, Janja Garnbret ta Sulobeniya ta ci na mata, Alberto Ginés López na Sifaniya ya ci na maza, nahiyarmu kuwa 'yan Afirka ta Kudu biyu ne suka wakilce ta.

Wanda ya ziyarci irin wannan zaure a yau zai biya kuɗin shiga, ya sa hannu a takardar cewa ya san akwai haɗari, a ba shi aron takalmi matsattse mai tafin roba, da 'yar jakar garin alli don busar da gumin hannu. Zai ga bangaye na katako, waɗansu a miƙe, waɗansu sun rankwafo kansa, an ɗaɗɗaure musu mariƙai masu launi-launi kamar curin fura, kowane launi hanya ce dabam mai nata matakin wuya. Hawan iri uku ne. Akwai gajeren bango wanda bai wuce mita huɗu da rabi ba, ba igiya, sai katifa mai kauri a ƙasa. Akwai dogo, mita 15 ko fiye, wanda ake hawa da ɗamara da igiya, abokin hawa yana tsaye a ƙasa yana sakin igiyar ko yana tsuke ta, ran ɗan'uwansa amana a hannunsa. Akwai kuma na tsere, mita 15 daidai, tsarinsa ɗaya a duk duniya, wanda a Faris a 2024 Ba'amurke Sam Watson ya haye cikin daƙiƙa 4.74. In ban da bangon tsere, bayan 'yan makonni ma'aikata sukan kwance mariƙan su sake musu wuri, hanyar jiya ta ɓace kamar ba a yi ta ba. A nan ne bambancin yake a ganina: ramin da ke jikin dutsen kiɗa na Birnin Kudu hannun kakanni ne ya haƙa shi a hankali, bangon zaure kuwa an yi shi ne musamman don kada ya riƙe sawun kowa. Wannan ba aibi ba ne ga makaranta, allo ma wanke shi ake yi, amma ba a neman tarihi a wurinsa.

A Nijeriya hawan dutse na horo ya shigo ta wata ƙofa dabam, wato cibiyar horar da matasa kan shugabanci wadda Alec Dickson ya kafa a 1951 a Man O' War Bay, cikin Kamaru ta Ingila, wadda daga baya ta kafa makarantarta ta tsauni a duwatsun Shere kusa da Jos, inda ɗalibai da ma'aikata da dama na Arewa suka fara ɗaura igiya suka sauko ta fuskar dutse gabansu na faɗuwa. Amma wannan horon hali ne na 'yan makonni, bai zama wasan gari ba.

Ta fuskar hukunci ban ga abin da zai fitar da wannan wasa daga mubahi ba, matuƙar an kiyaye sutura da lokacin salla, ba a kuma jefa rai cikin halaka ba. Bal ma bango mai katifa da igiya ya fi kusa da wannan sharaɗi bisa ga yadda yaranmu ke hawa yanzu da silifa, ba mai kallonsu. Damuwata a wani wuri take. Kogon da rufinsa ya rankwafo, wanda ruwa ba ya taɓawa, shi ne wurin da mai zanen dā ya zaɓa, shi ne kuma ainihin wurin da gwanin hawa na yau yake nema ido rufe. Waɗansu ƙasashe sun riga sun ɗanɗana wannan karo. A Hueco Tanks ta jihar Texas, inda zanen mutanen farko na Amurka yake a jikin duwatsun da masu hawa suka fi so, sai da hukuma ta taƙaita shiga a 1998. A Ostireliya an rufe wurare masu yawa na tsaunukan Grampians ga masu hawa a 2019 saboda zanen 'yan asalin ƙasar, a watan Oktoba na shekarar kuma aka hana hawa dutsen Uluru ɗungum. Alli da gumi da ƙusar da ake kafawa don igiya suna iya shafe cikin shekara goma abin da ya tsira ɗaruruwan shekaru. Gaskiya ne cewa a yau abin da ya fi barazana ga duwatsunmu shi ne nakiyar masu fasa dutse, da hayaƙin wutar da ake hurawa cikin kogo, da gawayin masu rubuta sunansu. Amma ba hikima ba ce a ƙara musu na huɗu.

Saboda haka a Birnin Kudu tsarin ya kamata ya zo a juye. Turawa sun fara da dutse, suka koma bango bayan sun ga ɓarna; mu muna da damar fara wa yaranmu da bango, ko da gajere ne a jikin ɗakin taro na Kwalejin Gwamnati ta garin ko wata makaranta a Gwaram, wanda kafinta da maƙerin gari za su iya kafawa in an samu mai koyarwa da ya san igiya. Sa'an nan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta ɗora wa kula da waɗannan wurare, ta zauna da hakimai da masarautar Dutse a rarrabe: Mesa da Habude da Murufu na ido ne da kunne, ba a kafa musu ƙusa, falalen da ba su da zane, a nan ko a wajen Fagam, a buɗe su ga mai son hawa. Rarrabewar ba za ta yiwu ba sai an bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya an leƙa kowane kogo an rubuta abin da ke ciki, daga Birnin Kudu har iyakar Warji, kuma wannan aiki ne da jami'i mai takalmin ofis ba zai iya shi kaɗai ba. Zai bukaci samarin da suka iya hawa, waɗanda aka koya musu tun a bango inda ake sa hannu da inda ba a sawa.